Ɗan Kamasho Ya Koma Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san ɗan kamasho. Tun ba ka sa ƙafa cikin tasha ba ya tarye ka, ya karɓi jakarka, yana kira da ƙarfi wai saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali kuwa mutum biyu ne kaɗai a ciki. Ba shi da mota, ba ya tuƙi, ba ya sayen mai. Aikinsa ɗaya ne, watau ya haɗa mai tafiya da mai mota. In lodi ya cika direba ya miƙa masa rabonsa, shi ke nan. Mu kan yi masa ba'a, amma ran da bai zo ba kowa ya kan san amfaninsa, gama sai ka tarar direbobi suna faɗa a kan layi, fasinja kuma suna tsaye cikin rana.

A zamanin nan an sami wani sabon ɗan kamasho wanda ba ya tsayawa a tasha, ba ya kuma ɗaga murya. Cikin wayar hannu ya ke zaune, ana ce da shi manhajar kiran mota. A manyan birane kamar Legas da Abuja dubban direbobi sun rigaya sun shiga hannunsa, samarinmu na nan kwarin Rima kuma suna jin labari, ransu yana biyawa. Iyalai da yawa cikin ekklesiyoyinmu da kuɗin haya su ke ci, da shi su ke biyan kuɗin makaranta, daga cikinsa kuma su ke fid da baiko ran Lahadi. Zancen ya shigo har cikin gidana. Domin haka na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da abin da na fahimta, ko ya taimaki wani uba ko wata uwa ran da ɗansu zai zo musu da irin wannan magana.

Yadda Abin Ya Ke Aiki

Mai tafiya ya kan buɗe manhajar a wayarsa. Wayar ta rigaya ta san inda ya ke tsaye, domin tana karɓar alama daga taurarin ɗan adam da ke kewaya duniya. Sai ya rubuta inda za shi. Nan da nan manhajar ta auna nisan hanya, ta faɗa masa kuɗin, ta aika kira ga direban da ya fi kusa. In direban ya amsa, mai tafiya zai ga sunansa da hotonsa da lambar motarsa, yana kuma kallon motar a kan taswira tana matsowa har ta iso ƙofar gida. Bayan an sauka kowannensu ya kan ba ɗan'uwansa taurari, daga ɗaya zuwa biyar, bisa ga yadda ya ga halinsa. Sa'an nan kamfanin ya cire rabonsa daga kuɗin. Motar ba tasa ba ce, ba shi ya sayi mai ba, in taya ta fashe kuma ba ruwansa. Kun ga ashe ɗan kamasho ne sosai.

Kamfanin Uber, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 2009, ya shigo Legas a 2014, ya kuma shiga Abuja a 2016. A shekarar 2016 ɗin ne wani kamfani mai suna Taxify ya iso daga wata ƙaramar ƙasa ta Turai, Istoniya. A 2019 ya sāke suna ya koma Bolt. A wannan shekara kuma inDrive ya shigo ƙasarmu. Labarin asalinsa abin ji ne. A garin Yakutsk na ƙasar Rasha, inda sanyi ya kan daskarar da ruwa cikin ɗan lokaci, masu taksi sun ninka kuɗi a hunturun 2012 domin sun ga mutane ba su da yadda za su yi. Sai mutanen gari suka haɗu ta intanet suna yin ciniki kai tsaye da duk mai motar da ya yarda. Daga nan kamfanin ya fito, shi ya sa a manhajarsa fasinja ne ke taya kuɗi, direba ya sallama ko ya ce albarka, kamar dai yadda mu ke yi a kasuwa.

A shekarar 2023 rabon da Uber da Bolt su ke ɗauka a Nijeriya yana tsakanin kashi 20 da kashi 25 cikin 100 na kuɗin kowace tafiya. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Abin Da Muka Saba Da Shi

Sa'ad da aka yanki Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birni, ma'aikata suka cika shi, unguwanni irin su Gesse da Badariya suka yi ta faɗi. Gari in ya faɗi ƙafa ba ta isa. Sai kabu-kabu ya yawaita, daga baya kuma Keke NAPEP ya shigo, wanda ya sami sunansa daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya na shekarar 2001. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kuwa, tafiyar kimanin kilomita 50, ƙananan motoci ne ke jigila, ana lodi a tasha ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda a ke ce da ita yuniyan. Har wa yau yawancin masu haya a garuruwan nan biyu a bakin hanya da cikin tasha su ke samun fasinja.

Kada wani ya zaci direbobinmu suna tsoron waya. Tun shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo ƙasar nan suka mai da ita kayan aiki, kamar jak da sifana. A gidana akwai lambar mai keke guda biyu da ta mai taksi guda ɗaya. In uwargidana za ta kasuwa sayen hatsi sai ta kira ɗaya daga cikinsu. Ya san gidan, ya san yaran, ya san ba ta son gudu. In kuɗi bai cika ba ta kan ce masa sai ƙarshen wata, shi kuma ran da matarsa ta haihu mun je suna da turmin zane. Yawancin gidajen da na sani haka su ke. Ba wanda ya ba mutumin nan taurari a waya, amma a bakin matan unguwa yana da su, gama wata ce ta ba wata lambarsa a wurin taron zumuntar mata, har ta kai gida goma.

A farkon shekarar 2023 kuma, lokacin da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, masu keke da kabu-kabu da yawa suka buɗe asusu a waya, suka koyi karɓar kuɗi ta tura. Wanda bai yi makarantar boko ba ma ya koyi gane saƙon shigar kuɗi. Wuya ta koya musu cikin wata biyu abin da talla ba ta koya musu ba cikin shekaru.

Ko a waɗansu ƙasashe ta wannan hanya aka soma. Kamfanin Gojek na ƙasar Indonesiya, wanda ya zama babba ƙwarai, ya fara a 2010 da masu babur ashirin da wani ɗaki inda a ke amsa waya. Sai a 2015 ya fito da manhaja. Abin da ya ke sayarwa tun farko shi ne abin da uwargidana ta ke samu kyauta, watau tabbacin cewa wanda zai ɗauke ka sananne ne.

Abin Da Ya Faru A Kano Da Legas

Ya kamata mu dubi Kano, domin can ne aka gwada abin a kan irin kekunanmu. A watan Janairu 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja, sai A Daidaita Sahu ya cika gari. A shekarar 2019 kamfanin OPay ya shigo da manhaja ta kiran A Daidaita Sahu, da rangwame mai yawa. Fasinja suka yi murna domin araha, direbobin da suka shiga kuma suka yi murna domin kamfanin yana cika musu abin da fasinja bai biya ba. Amma rangwame irin wannan tsaba ce a ke watsa wa kaji, ba ya daɗewa. Shekara ba ta kewayo da kyau ba kamfanin ya dakatar da harkokinsa na sufuri a 2020, ya mai da hankali ga hada-hadar kuɗi ta waya. Direbobi suka koma bakin titi inda su ke dā.

A Legas kuwa, ran 1 ga Fabrairu 2020 gwamnati ta hana babura da kekuna aiki a manyan sassan birni. Dokar ba ta bambanta mai manhaja da marar manhaja ba. Kamfanin Gokada, wanda ya tara samari da hular kwano da riguna iri ɗaya, ya sallami mafi yawansu ya koma aikin kai saƙo. Kamfanin SafeBoda na ƙasar Yuganda ya yi aiki a Ibadan, ya kuma bar ƙasar a ƙarshen 2022.

Ban faɗi wannan domin in ɓata sunan kowa ba. Kamfani ɗan kasuwa ne, inda riba ta ke nan ya ke zama, in ta ƙare ya naɗe tabarmarsa. Abin lura shi ne, shi yana da wurin zuwa, direba kuwa iyalinsa suna nan, bashinsa kuma yana nan.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin kwana kaɗan, a watan Oktoba 2024 kuma ta haura naira 1,000. Mai taksi na tasha ya iya zama da 'yan yuniyan su ƙara kuɗin mota a rana ɗaya. Direban manhaja kuwa sai ya jira kamfani, domin ba shi ke yanka kuɗi ba. Shi ya sa a watan Yuni 2023 ƙungiyar direbobin manhaja ta ƙasa ta shiga yajin aiki, tana neman a ƙara kuɗin tafiya a kuma rage rabon kamfani. Wannan ja-in-ja ba a ƙasarmu kaɗai ya ke ba. A 2021 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu hakkin mafi ƙarancin albashi da hutu, a 2022 kuma gwamnatin Kenya ta yi doka kada rabon kamfani ya wuce kashi 18 cikin 100.

Lissafin Da Muka Yi A Zaure

A ƙarshen shekarar 2024 ɗan ƙanwata ya zo mini da dare. Yaro ne mai hankali, yana da mata da 'ya'ya biyu, yana cikin ƙungiyar mawaƙa a majami'armu. Keke ya ke ja a Birnin Kebbi, wanda ya karɓa bashi yana biya mako-mako, saura wata biyar ya gama biya keken ya zama nasa. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, na zo ne ka tsaya mini." Wani abokinsa a Abuja ya samo masa mai mota da zai ba shi ita ya yi aikin manhaja, yana kawo naira 60,000 kowane mako, amma sai wani mai albashi ko mai gida ya sa hannu. Niyyarsa ya mai da keken ga mai shi, ya bar iyali wurin uwarsa, ya tafi. Ya nuna mini hoton wayar abokin, inda aka rubuta naira 40,000 kuɗin aikin yini guda.

Na ce masa, "Ɗana, Ubangijinmu da kansa ya koya mana, cikin Luka sura 14, mai niyyar gini ya fara zama ya yi lissafi. Ɗauko takarda."

Muka rubuta naira 40,000 a sama. Muka cire kashi ɗaya cikin huɗu na kamfani, naira 10,000. Na tambaye shi mai nawa abokin ya ke sha a yini, ya ce wajen lita 15, watau naira 15,000 a farashin lokacin. Kuɗin mai mota, in aka raba 60,000 ga kwana shida domin ya sami zuwa sujada ran Lahadi, naira 10,000 ke nan kowace rana. Da muka ja layi sai ga naira 5,000. Daga cikinta zai ci abinci, ya sayi data, ya canja baƙin mai, ya sallami mai faci da bakanike, ya biya kuɗin ɗaki a Maraba ko Nyanya, sa'an nan ya aiko wa iyali. Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi kuwa, kamfani ba ya bin sa kome, amma mai mota yana bin sa. Na tambaye shi abin da ya ke komawa gida da shi daga keke bayan ya fid da mai da balas. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce bai kasa haka ba.

Akwai wani abu kuma da lissafi bai nuna ba. Shi da bakinsa ya ba ni labarin wani ɗan unguwarsu da ya yi wannan aiki a wani birni. Wata rana ya tashi da safe ya tarar kamfanin ya rufe masa manhaja, wai wani fasinja ya yi ƙararsa. Bai san ko wane ne ba, bai san abin da aka ce ya yi ba. Ya yi ta aika saƙo, amsa iri ɗaya ta yi ta dawowa. A tasha in ɗan kamasho ya hana ka lodi ka san gidansu, ka san shugaban yuniyan, za a zauna a ji ta bakinka. Wanda ke cikin waya ba shi da zaure da za ka je ka yi sallama.

Na gaya masa ba zan sa hannu ba. Littafin Misalai ya yi kashedi fiye da sau ɗaya a kan tsaya wa bashin wani, kuma gidan da zan jinginar ba nawa ne ni kaɗai ba. Ransa ya ɓaci. Mako biyu yana gaishe ni daga nesa, uwarsa ma ta zo ta ce, "Yaya, kai kaɗai gare shi." Abin ya yi mini nauyi ƙwarai, gama yaro ba sata ya ce zai yi ba, neman na kansa ya ke yi. Na ce mata abin da zan iya shi ne in shiga adashi tare da shi, in kwasa ta zo kaina in bar masa.

Ya zauna, ya gama biyan keken. Ya sa aka buga masa lambar wayarsa a 'yan ƙananan katuna, yana ba duk wanda ya ɗauka. Yanzu yana da gida huɗu da ya ke kai wa yara makaranta da safe ya ɗauko su da rana, ana biyansa a wata. Bai fid da rai ga mota ba, ni ma ban ce ya fid da rai ba. Abokin nan nasa na Abuja da motar kansa ya ke aiki, shi ya sa naira 10,000 ta mai mota ta ke zama a aljihunsa, yana kuwa samun rufin asiri. Hoton wayar bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi ko motar wa ce ba.

Inda Manhaja Ta Ke Da Amfani

Kada mai karatu ya ɗauka ina ƙin abin. Manhaja tana yin wani aiki da lambar da ke wayar uwargidana ba za ta iya ba, watau ta haɗa baƙo da baƙo. Ku tuna da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. A watan Maris 2020, da aka yi shi bayan an daɗe ba a yi ba, baƙi sun cika gari daga ko'ina. Mutumin da ya sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, yana so ya ga Matan Fada da gidan tarihi na Kanta, bai san kowa ba, bai san kuɗin mota ba. Irin wannan ne manhaja ta ke yi wa rana. Haka kuma ɗalibar da iyayenta suka aiko daga Zuru ko Yawuri zuwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu. In mota ta sauke ta da dare, ya fi mata kwanciyar rai ta shiga abin hawan da aka rubuta lambarsa, wanda za ta iya aika wa uwarta ta ga inda ta ke a kan taswira. A Abuja, inda ɓarayi su kan yi shigar masu taksi su yi wa fasinja fashi, wannan tabbaci ba ƙaramin abu ba ne.

Direba ma yana samun nasa. Ba ya yawo yana ƙona mai a banza, ba ya jan ciniki da kowa, wanda ya zo sabon gari kuma yana iya soma aiki ba sai ya san wani babba a tasha ba. Amma hatsari bai ƙare ba. An sha jin labarin direbobin manhaja da miyagu suka kira da sunan fasinja, suka ƙwace mota, waɗansu har suka rasa rayukansu.

Ga yadda na fahimci zancen. Amana ce kamfani ya ke sayarwa, yana karɓar kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar a bakinta. Inda mutane ba su san juna ba, kuɗin ya cancanta. Inda an san ka an san ubanka, kana da wannan kaya a hannunka tun dā, sai ka lura kada ka sayi abin da ka ke da shi da tsada. Taurarin da ke cikin manhaja na kamfani ne, ran da ya tafi ko ya rufe ka sun tafi tare da shi. Sunan da ka yi a unguwa kuwa naka ne, har 'ya'yanka za su ci albarkacinsa. Misalai sura 22 ta fifita suna mai kyau a kan dukiya mai yawa, kuma a sana'ar haya ana ganin gaskiyar wannan da ido.

Ga Direba, Ga Fasinja, Ga Ekklesiya

Ɗan'uwa direba, in manhaja ta zo maka, a nan ko a wani gari, ka karɓe ta kamar yadda ka karɓi waya, watau kayan aiki. Ka tambayi rabon kamfani kafin ka shiga. Ka yi lissafi a takarda da farashin mai na ranar, ba da rangwamen makon farko ba. Kada ka ci bashin mota domin hoton wayar wani. Kada ka yar da mutanenka na dā, kada kuma ka raina 'yan'uwanka na tasha, gama wataƙila gobe wurinsu za ka koma. In ka shiga kuma, ka yi gaskiya da kamfanin. Waɗansu su kan roƙi fasinja ya soke tafiyar a waya su daidaita a ɓoye domin kada a cire rabo. Na san matsi ne ke kawo haka, amma mai bi in ya yi alkawari ya cika, in sharaɗin ya yi masa nauyi ya nemi gyara a fili tare da 'yan'uwansa, ko kuwa ya fita. Mafi yawan waɗanda ka ke ɗauka maƙwabtanmu ne Musulmi. Ba za su zo su ji wa'azin Fasto ba, amma za su ga ko ka mayar da jakar da aka manta, ko ka ninka kuɗi domin ka ga ruwa ya tsuge.

Mu kuma masu shiga, mu tuna akwai mutum a bayan hoton nan da ke cikin waya. Waya ta kan sa zuciya ta taurare, domin ba ka ganin idon wanda ka ke cuta. Kada mu kira mota, mutum ya ƙona mai ya taho, sa'an nan mu soke domin mun ga wata mai araha. Kada mu taya kuɗin da mu kanmu mun san bai kai na mai ba. Kada mu ba mutum tauraro ɗaya domin fushin da muka fito da shi daga gida, gama abincin 'ya'yansa mu ke taɓawa. In mun ce za mu tura kuɗi, mu tura kafin mu sauka. Kubawar Shari'a sura 24 ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa a ranar, tun rana ba ta faɗi ba, ko da ɗan ƙasa ne ko baƙo. Dokar nan ta shafi mai keke kamar yadda ta shafi mai noman ƙodago.

Ekklesiya ma tana da abin yi wanda ba ya bukatar kuɗi. Dattawa su san masu haya da ke cikin jama'arsu, su tara su lokaci lokaci su yi addu'a tare, su kuma koya wa juna lissafi. A rubuta sunayen amintattu da lambobinsu, domin baƙon da ya zo aiki ko karatu ya sami wanda zai kira. A ƙarfafa adashi a tsakaninsu, domin saurayi ya mallaki abin hawansa tun bai shiga hannun kowane ɗan kamasho ba, na tasha ko na waya. Masu abin hannu a cikinmu da ke ba da keke ko mota haya, su sa balas da mutum zai iya biya ya kuma ci abinci, su yi haƙuri ran da ciwo ya kwantar da shi.

In akwai mai haya a gidanku ko a majami'arku, ku karanta masa wannan, ku ji ta bakinsa, gama ya fi ni sanin hanya. Ubangiji ya kiyaye fitarsu da komowarsu, ya sa albarka cikin abin da su ke samu. Amin.